Ranar da Monita ta Koma Gida

Duk makarantar nan ta kwana da gwamnati ta gina a bayan garin Safana babu wanda bai san Monita ba, ga shi kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa. Saniya ce, ja, mai farin goshi da ƙaho ɗaya a ɗan karkace. 'Yan aji biyar suka laƙaba mata wannan suna tun suna aji ɗaya, saboda duk safiya da an kaɗa ƙararrawa ita ce farkon isa filin taro, ta tsaya a gaba tana tuƙa, tana bin masu makara da kallo. Su ne rukunin farko da aka buɗe makarantar da su. Tare suka shigo da ita, kuma bana, shekarar 1978, tare za su fita.

Asalinta daga wata ruga take kusa da Ruma, inda aka haifi Uwaisu. Ranar da labari ya zo cewa Uwaisu ya ci jarrabawar shiga sakandare ba a yi guɗa a rugar ba. Baffansa Barau, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar uban yaron, ya tofar da yawu ya ce boko ciki gare shi, duk abin da aka miƙa masa ba ya dawowa. Kakar yaron, Hansai, ta miƙe tsam. Sai ta shiga garke ta kamo karsana cikin nata na kanta, ta ɗaura mata igiya, ta ce ta ba ajin jikanta haɓɓanaye. Haɓɓanaye aro ne irin na Fulani. Ka ba mutum karsana ta zauna hannunsa, ya sha nono, ta haifa masa maruƙa uku su zama nasa, sannan ya maido maka da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a kuma musanya ta da wata ko da ta fi ta.

"Ruɗin tsufa ne," in ji Barau. "Da yaron da saniyar duk cinye su za a yi."

"Mu gani," in ji Hansai.

Firinsifal na wancan lokaci ya yi dariya har da hawaye da ya ga ɗalibi ya iso da akwatin ƙarfe a ka da saniya a igiya. Amma ya karɓa, ya tara yaran, ya sa Uwaisu ya bayyana musu sharaɗin, suka ce sun ji sun ɗauka.

Sun kuwa ɗauka, don shekarar ce aka yi farin nan da ya kwantar da shanu a bakin hanya. Yara ƙanana, wandunansu sun fi su girma, su ne hawa gawo su sassabo mata ganye, su ne tonon yashin rafi su kwarfo mata ruwa da kwanon cin abincinsu. Ranar haihuwarta ta fari ajin ya watse ana tsakiyar darasin lissafi, aka yi musu bulala a jere, kuma babu wanda ya yi nadama. Ta taɓa cinye taswirar duniya da Sahabi ya yi mako yana zanawa, ta bar masa Ostireliya kaɗai. Malamin lissafinsu, wani Ba'indiye mai sanyin hali, ba ya wuce ta sai ya rusuna ya ba ta kanwa daga aljihunsa. Duk kuma wanda zazzaɓi ya kayar, da nononta ake dama masa koko har ya miƙe. Ta cika alkawarinta: bijimai biyu da yanzu ke huɗa a gonar makaranta, da 'yar maraƙa da aka yaye kwanan baya. Saura nasu.

Jarrabawar fita ta ƙare, abin da ya rage bikin sallama, wanda Kwamishina da kansa zai zo daga Kaduna. Zamanin kuɗin fetur ne, kowane yaro kansa ya yi girma. Suka shirya wasan kwaikwayo inda kowa zai fito da shigar aikin da yake buri. Armaya'u, hedboi, dogo marar yawan magana, soja zai zama, har an kira shi ganawa a makarantar hafsoshi. Ya samo kakin wani tsohon ɗan doka da bindigar katako. Sahabi, ɗan mahautan kasuwar Batsari, ya rantse ya bar wuƙa har abada, kwastan zai shiga, ya tsaya a kan iyaka manyan motoci su riƙa tsaya masa. Akwai Usaini da bai taɓa hawa abin da ya wuce a-kori-kura ba amma jirgin sama zai tuƙa. Alƙalai kam har sun yi yawa, auduga ta yi wuya a ɗinka musu hular shari'a. Shi Uwaisu likitan dabbobi yake so, a Zariya. Tun da ya ga shanun rugarsu suna faɗuwa ana tsaye ana kallo bai ƙara sha'awar wani abu ba. Ya ari farar rigar kuku, ya rataya robar tayar keke a wuya a matsayin abin sauraren ƙirji.

Ana jibi biki Sahabi ya same shi a bayan ɗakin kwana, fuska a murtuke.

"Firinsifal ya aike ni gidan Sarkin Fawa," ya ce. "Wai ni na san su. A turo mahauta biyu jibi da sassafe."

"To mi ya dame ka? Ai ba kai za ka yi fiɗa ba."

"Monita za su kayar."

Wannan Firinsifal ba wancan ba ne. Malam Mani bara ya zo daga birni da sabuwar Fijo. Ba mugu ba ne, a gaskiya ma shi ya kawo musu injin wuta. Ciwonsa ɗaya: ya yi imani babu abin da gwamnati ba za ta iya kawo sabonsa ba. Tebur ya karye, a kawo sabo. Malami ya tafi, a turo sabo. Uwaisu ya shiga ofishinsa ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, saniyar nan ba tamu ba ce. Aro ce."

"Na ji wannan labarin," in ji Malam Mani, da fara'arsa. "Ka duba, bijiman zan nuna wa Kwamishina su a gona. 'Yar maraƙar ba za ta cika tukunya ba. Uwar ta tsufa, nono ya ja baya. Kuma abin da ya shekara biyar yana cin dusar gwamnati ai ya zama na gwamnati. Amma ni ba azzalumi ba ne. Zan sa a kai wa tsohuwa saniyar Turai, mai cika bokiti safe da yamma."

"Ba ta ce a kai mata wadda ta fi ba, ranka ya daɗe. Wagga ta ba mu."

"Saniya ai saniya ce."

"A wurinmu ba haka ba ne."

Fara'ar ta ɗauke. Malam Mani ya jawo durowa ya nuna masa takardun shaidar halin 'yan aji biyar, waɗanda in babu su ba makarantar gaba ko ma'aikatar da za ta dubi yaro. Ya ce bai sa hannu a ko ɗaya ba tukuna, kuma hannunsa ba ya hawa takardar mai taurin kai. Ya maida durowar ya rufe a hankali.

Bayan la'asar ajin ya taru, aka yi ta hayaniya. Wasu suka ce a rubuta koke. Wasu suka ce shekara biyar suna shan wake da ƙwari, ba za su zubar da ita saboda dabba ba. Wani alƙalin gobe ya ce a shari'ance ma tsohuwar riba ta ci. Uwaisu ya dubi Armaya'u, don abin da Armaya'u ya ce shi ajin ke yi, amma hedboi ya kafa wa allo ido kamar an rubuta masa wani abu a can. Haushi ya turnuƙe Uwaisu, ya miƙe.

"Ban roƙi kowa ba," ya ce. "Ku kuka ce kun ji kun ɗauka, ba ni na ce muku ku ce ba. Jibi zan kwance ta in kai ta gida, a fili, kowa na gani. Wanda ke jin yunwar nama ya jira ta Turai."

Ya faɗa da ƙarfi, amma tsoro yake ji. Zariya yake so, so na gaske, kuma ya san hanyarta ta cikin durowar nan ta bi. Sai dai duk lokacin da ya kwatanta kansa ya isa ruga da wata baƙuwar saniya mai dabbare-dabbare, sai ya ga bakin Baffa Barau yana shirin tofar da yawu, ya ga kakarsa ta sunkuyar da kai. Wannan kam ba zai iya ba.

Ranar biki gari ya waye da hadari-hadari. An kafa rumfuna, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. 'Yan aji biyar duk sun yi shigarsu don gwajin ƙarshe. Mahauta biyu sun iso, sun ɗaure Monita a gindin bedi a bayan kicin, suna wasa wuƙa suna hira. Da aka kaɗa ƙararrawa ta ja igiya za ta tafi filin taro, igiyar ta dawo da ita.

Uwaisu ya cire takalman makaranta, waɗanda ba su taɓa daina cin ƙafarsa ba, ya ƙulla su ya rataya a wuya tare da robar keken. Ya gaida mahautan, ya sa hannu ya kwance igiyar. Sahabi ya bi bayansa da hularsa ta kwastan ta kwali, yana ce wa mahautan, "Ku yi haƙuri, baba, kayan nan ba su da izinin shiga tukunya." Mahautan suka dubi juna. Su dai an ce su zo su yi yanka, ba a ce su yi kokawa da likita ba.

Ba ta bayan katanga Uwaisu ya bi ba. Ta tsakiyar fili ya ratsa, ta gaban rumfar baƙi, ya nufi babbar ƙofa. Malam Mani ya fito baranda da babbar riga sabuwa fil.

"Uwaisu! Ka san abin da kake yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Armaya'u! Kai ne hedboi. Tare mini ƙofar nan."

Armaya'u ya saɓa bindigar katakonsa ya taka har bakin ƙofa ya tsaya ƙiƙam. Uwaisu ya iso gabansa da saniya ya tsaya. Duk ajin babu wanda ya kai Armaya'u abin asara. Amma duk ajin ma babu wanda ya kai shi shan nonon Monita, don a aji biyu ciwon shawara ya kwantar da shi har aka fara cire rai, ita ta tashe shi. Ya dubi saniyar, ita ma ta dube shi, irin kallon da take wa masu makara. Sai ya juya ya zare sakata, ya wangale ƙofar duka ɓangare biyu, ya buɗe murya irin wadda yake ta ajiyewa don makarantar hafsoshi.

"Aji biyar! A jeru!"

Wasu 'yan kaɗan suka noƙe bayan rumfa, ba sai an faɗi sunansu ba, sun san kansu. Sauran suka jeru bibbiyu. Malam Mani yana ta kiran sunaye ɗaya-ɗaya yana cewa duk wanda ya taka ƙofar nan ya taka takardarsa. Suka taka. Malamin lissafi Ba'indiye, da aka ce ya tare su, sai ya ruga ya cusa wa Uwaisu ƙullin kanwa a aljihu, ya koma yana kaɗa kai wai sun fi ƙarfinsa.

Ba su yi nisa a kan sabuwar kwalta ba sai ga jiniya. Jerin motocin Kwamishina ne. Monita ba ta saba kauce wa kowa ba, ta tsaya a tsakiyar titi tana tuƙa, dole motocin suka rage gudu. Kwamishina ya sauke gilashi ya ga soja da likita da matuƙin jirgi da tarin alƙalai, ya ɗauka 'yan tarya ne aka turo masa, ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Armaya'u ya ƙame ya sara masa. Motoci suka raɓa ta gefe suka nufi makaranta, su kuma suka saki kwalta suka kama turbar Batsari.

Damina ta zauna, ko'ina ana noman fari. Manoma suka riƙa dogara fartanya suna kallo, mata masu kai abinci gona suna riƙe ciki don dariya. Wani tsoho ya tambaya ko gwamnati ce ta kama saniyar, aka ce masa a'a, rakiya gwamnati ta yi mata. Da azahar ruwa ya sauko, hulunan alƙalai suka jiƙe suka manne musu a ka, hular kwastan ta narke ta bi wuyan Sahabi. Usaini matuƙin jirgi shi ne farkon wanda ƙafarsa ta yi bororo. Amma ba wanda ya juya. Suka yi ta tuna wa juna abubuwa: ranar da ta bi mai duba makarantu da gudu, ranar da ta leƙo taga ana jarrabawa, ranar bulalar haihuwa da wanda ya fi kowa ihu. A Karare suka yada zango a makarantar firamare, mutanen gari suka kawo musu tuwo da suka ji dalilin tafiyar. Uwaisu bai iya ci da yawa ba. Kowa na dariya, shi yana ganin ya jawo wa abokansa asara, ya kuma binne tasa Zariyar da hannunsa.

Kashegari da hantsi, tun ba a hango bukkoki ba, Monita ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta yi wani kuka da ba su taɓa jin ta yi ba a makaranta. Ta fizge igiya ta yi gaba da sassarfa, su kuma suna bin ta da ɗingishi.

Hansai na zaune a inuwa tana kaɗa nono a gora. Idonta ya yi rauni, amma ta ajiye goran tun kafin saniyar ta iso. Ta miƙe, ta shafa farin goshin, ta laluba kunnen hagu har ta sami tsagar da ta yi da hannunta.

"Wule," ta ce, da sunan da ta raɗa mata tun tana maraƙa. Sannan ta juyo. "Wane ne wannan mai farar riga? Ko mijin nawa ne ya tuna da ni?"

"Ni ne, Kaka."

"Maruƙa nawa?"

"Uku."

"To aro ya cika." Ta ɗaga murya. "Barau! Fito ka ga abin da boko ya cinye!"

Barau ya fito daga bayan garke. Ya dubi saniyar, ya dubi yaron, ya dubi wannan runduna mai laka har gwiwa. Bai tofar da yawu ba. Ya yi musu sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya da iyaye da ruwan hanya, ya sa aka shimfiɗa tabarmi aka kawo fura a manyan ƙore. Suna sha Sahabi ya ba tsohuwa labarin sunan Monita da yadda take tsayawa a gaban fili kowace safiya, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Sai da ƙoren suka koma wayam Uwaisu ya matso kusa da ita ya faɗa mata sauran: yadda aka so yanka saniyar, da takardar da aka ce ba za a ba su ba.

"Na dawo ke nan, Kaka," ya ce. Ya ji kunya a gaban abokansa.

"Madalla," in ji Barau, da sauri. Ya ɗauko sandar kiwo ya miƙo masa. "Dama nan ne wurinka. Shanu ba su tambayar takarda."

Uwaisu ya miƙa hannu. Hansai ta kai wa sandar duka da ludayin da ke hannunta, ta faɗi ƙasa.

"Saniya na ba da aro," ta ce, "ba kai ba. Ita aka ce ta dawo, ta kuwa dawo. Kai da ka ce za ka koyo abin da zai hana su faɗuwa, ka koyo?"

"Ya ce ba shi sa hannu, Kaka."

"Shi ya ce. Kai mi ka ce? Ku koma ku tsaya mashi a gaba kowace safiya, yadda kuka ce wagga ke yi. Kada ku zage shi, kada ku roƙe shi. Ku dai tsaya kuna kallonshi, mu ga wanda zai fara gajiya." Ta juya wajen sauran. "Ku ma da kuka zauna kuna lashe baki, furar ta ƙare."

Armaya'u ne ya fara miƙewa. Ya karkaɗe kakinsa, ya saɓa bindigar katako, ya kira a jeru. Alƙalai suka tashi suna nishi, Usaini ya ɗaure ƙafarsa da tsumma. Uwaisu ya kwance takalman daga wuyansa, ya zauna a kan turmi ya sa su, suna cin ƙafarsa kamar kullum.

Da ta ji kiran jeruwa Monita ta ɗago kai daga cikin garke ta dube su. Uwaisu ya tsaya, yana jira ya ga ko za ta taho ta shige gaba yadda ta saba. Ta ɗan jima tana kallonsu, sannan ta sunkuya ta ci gaba da cin ciyawa. Wurinta a gaban layi ya zauna babu kowa, sai Uwaisu ya share idonsa da hannun rigar kuku, ya je ya tsaya a nan.